Hattara da mai yawo yana karɓar faya-fayan garmaho a Garwa da Marwa

Assalamu alaikum jama'a. Duk mai tsofaffin faya-fayan garmaho a gida, ko wanda ya san dattijon da ke ajiye da su, don Allah ya karanta wannan, ya kuma karanta wa iyayenmu da ba sa shiga waya.

Akwai wani mutum da ke yawo tsakanin Garwa da Marwa yana cewa shi gwanin wanke faifai ne. Tallarsa ta iso mana ta zauren WhatsApp na 'yan unguwa: wai zai kwashe waƙoƙin ya zuba a kile (filashin USB) ko katin waya, ya cire duk wata ƙara, su fito tas kamar yau aka rera su. Sefa dubu biyu kowane faifai, rabin kuɗi kafin aiki. Ba zan ambaci sunansa ba, don maganar tana komisariya, kuma sunan da ya ba mu ba shi ya ba mutanen Marwa ba.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, direban babbar mota ne. Ya yi shekaru yana bin hanyar Garwa, Marwa har Fort-Lamy, kamar yadda ake kiran Injamena kafin 1973, kuma ba ya dawowa hannu rabbana. Faifai 41 ya bari a adaka. Akwai na HMV mai hoton kare gaban garmaho, har da jerin GV na kiɗan Kuba, akwai Decca, akwai Ngoma na Kwango, akwai na Larabawa na kamfanin Baidaphon mai hoton barewa. Kowanne ya sa masa alamarsa da tawada, harafi biyu na ajami a kan takardar tsakiya. Garmahon ya daɗe da mutuwa. Inna kuwa tun rasuwarsa take cewa tana so ta sake jin waɗannan muryoyi kafin nata lokacin ya zo. Wannan ne ya sa na kira mutumin.

Ya zo a kan moto da jaka da kwamfuta, ga ladabi, ga iya magana. Ya durƙusa ya gai da Inna. Sai ya ɗauki faifai ɗaya, ya tsiyaya alkol na farmasi a auduga, ya goga. Audugar ta fito baƙi ƙirin. Ya ɗaga mana ita ya ce, "Hajiya, kin ga dattin shekara saba'in." Muka riƙe baki.

Jama'a, abin da ya fito a audugar nan ba datti ba ne. Jikin faifan ne ya narke. Faifan garmaho mai juyi 78 a minti ba da roba aka yi shi ba irin na baya-bayan nan. Da wani ƙaro aka yi shi, wanda wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, aka cuɗa shi da garin dutse. Alkol kuwa shi ne abin da masu fentin katako ke narka wannan ƙaron da shi. Duk wanda ya kusanto faifanku da alkol, ko sifirit, ko man wanke hannu irin na lokacin korona, ku riƙe masa hannu. A gabanmu ya kashe faifai, mu kuma muna yi masa godiya.

Ya tafi da duka 41 da sefa dubu arba'in da ɗaya, ya ce mako biyu. Sai da muka yi mako biyar muna kira. Ranar da ya dawo faifai 26 ya kawo da kile ɗaya, ya ce sauran 15 suna buƙatar "wanki na biyu". Muka kunna a rediyo. Waƙar farko ta fito garau, babu ko ɗigon ƙara. Inna ta yi shiru tana saurare, can ta ce, "Wannan ba faifan Malam ba ne." Nata faifan yana da ɗan tsagu a gefe, kowane juyi sai allura ta yi tak, kuma ta san mawaƙin bai taɓa kai wa wannan baitin ba kafin faifan ya ƙare. Na duba tsawon waƙar, minti bakwai. Faifai mai faɗin inci goma ba ya ɗaukar fiye da minti uku da 'yan kai a fuska ɗaya. Daga intanet ya sauke ta, wani ɗauka ne dabam. Waɗanda bai samu a intanet ba, su ya ɗauka da kansa, kuma gara ma bai taɓa su ba: murya kamar mai magana a ƙarƙashin ruwa, kalangu ya ɓace, sai wani ƙyal-ƙyal da ke bin bayan kowace kalma.

Na kwashi abin da ya rage na kai wa wani dattijo a Yelwa da ya yi aiki a gidan rediyo har ya yi ritaya. Ya ɗaga faifai ɗaya a hasken taga, ya ga yadda fuskarsa ta dusashe ta yi dabbare-dabbare, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Ɗana, duk wanda ya ce maka zai raba faifan garmaho da ƙararsa gaba ɗaya, ko bai san aikin ba, ko maƙaryaci ne." Wannan shuuu da muke ji kamar ana suyar ƙosai, yawancinta daga garin dutsen da ke jikin faifan take fitowa, tun yana sabo da ita aka haife shi. Ana rage ta, ba a kashe ta. In ka matsa sai ta tafi duka, da muryar mawaƙin za ta tafi.

Ya nuna mini yadda ake yi, kuma mafi yawan aikin ashe kafin a taɓa kwamfuta ne. Wanki da ruwa mai tsabta, in da hali tataccen ruwa, da ɗigon sabulun wanke kwanuka, da buroshi mai laushi ana bin zagayen layin, ba a jiƙa takardar tsakiya, a ɗauraye a bar shi ya bushe sarai a inuwa. Sai allura. Layin faifan 78 ya fi na faifan roba faɗi, allurarsa ta kusa ninka ta roba sau huɗu a kauri. In ka sa siririyar, sai ta faɗa can ƙasan layin inda ƙura da gurzuwa suka taru, ka kwaso ƙara fiye da kiɗa. Tsohuwar allurar ƙarfe ta garmaho kuwa, dama fuska ɗaya ake yi da ita a jefar, kuma nauyin kan garmahon yana cin faifan, don haka ba da ita ake ɗaukar abin da za a adana ba. Da yake waɗannan faya-fayai sautinsu hanya ɗaya ne, ba dama da hagu irin na sitiriyo ba, in aka haɗe ɓangaren dama da na hagu da na'urar zamani ke ɗauka wuri guda, wani kaso na ƙarar yakan faɗi da kansa.

Sai bayan nan a zo ga manhaja. Audacity kyauta ce, ba a sayen ta, duk da mutumin nan ya ce mana tasa daga Turai aka aiko masa da tsada. Da ita ake cire ƙas-ƙas ɗin tsagu da ƙarzuwa tukuna, sannan a ɗauki samfurin shuuu daga farkon faifai inda ba a fara kiɗa ba, a rage ta kaɗan-kaɗan ana saurare. Ko na'urarka ba ta da juyi 78, kana iya ɗauka a 45 ka ƙara saurin a ciki. Abin da dattijon ya fi nanatawa shi ne a ajiye ɗanyen ɗauka na farko a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse shi ba kamar MP3, da ƙararsa da komai, kada a taɓa shi. Gyara a kan kwafi ake yi. Wanda ya miƙo maka MP3 kaɗai ya ce ya gama, bai ba ka komai ba.

To ina sauran 15? Ɗan yayata da ke karatu a Faransa ne ya gano uku daga cikinsu a wani shafin gwanjo na intanet. Ya turo mini hoto, ga barewa, ga harafi biyu na Baba da tawadarsa a gefen takarda. Nan na gane dalilin da ya sa ranar da ya zo ya fi duba takardun tsakiya da lambobinsu fiye da komai. Wankin da kilen duk hanyar shiga gida ce. Abin da yake nema shi ne faya-fayan da masu tarawa a waje ke biya da kuɗi mai kauri, musamman na Afirka da na Larabawa da ba a buga da yawa ba. Waɗannan bai goga musu alkol ba. Ya san abin da alkol ke yi.

Na kai ƙara, na kai hoton da saƙonnin kuɗin da na tura masa ta waya. A can na haɗu da wani Alhaji daga Marwa da aka yi wa irin wannan, shi nasa ma ko ɗaya ba a dawo da shi ba.

Don Allah kada faifai ya bar gidanku. Mai aikin gaskiya zai yarda ya zo da kayansa ya yi a gabanku, ko ku bi shi ku zauna har ya gama. Ku tambaye shi da me yake wanki, wace allura yake sawa, kuma zai ba ku ɗanyen ɗauka ko a'a. Ku ɗauki hoton kowane faifai gaba da baya kafin kowa ya taɓa. Waɗanda ke adaka ku fitar ku jera su a tsaye, nesa da kwanon rufi, don zafin Maris da Afrilu na Garwa yana lanƙwasa su. In kuma mutumin nan ya riga ya karɓi naku, ku je komisariya ko wajen jandarma mafi kusa da ku ku ba da bayani, kada ku tsaya jiran wanki na biyu.

Cikin 26 da ya dawo da su, dattijon ya samu tara da za a iya ceto. Jiya ya ɗauko mana na farko, da shuuu ɗinsa da tak ɗinsa. Inna ta sa aka maimaita mata shi sau huɗu, sannan ta tambaye ni ko an ji labarin mai barewa.