RISC-V ko ARM: wanne za ka sa a na'urarka?

Ɗan'uwa mai haɗa na'urar kunna famfon tanki a Jidda, ka tambayi wanne za ka sa tsakanin ARM da RISC-V, wato tsare-tsare biyu na umarnin da guntun kwamfuta (chip) ke ji. Ga bambancin. ARM sai kamfani ya biya lasisi kafin ya ƙera guntu. RISC-V, da aka soma a jami'ar Berkeley a 2010, kowa na iya ƙerawa ba lasisi, kuma guntun ESP32-C3 mai Wi-Fi a kan RISC-V aka gina shi.

Sai dai a kula, guntayen RISC-V ba umarni ɗaya suke ji duka ba. Misali guntun CH32V003, rajista (ƙananan ma'ajiyar lamba a cikin guntu) 16 gare shi, ba shi da umarnin ninka lamba. Ka loda masa manhajar da aka haɗa don RV32IMC (nau'in RISC-V mai rajista 32 da umarnin ninka lamba), zai tsaya cak. Duba takardar guntun tukuna.

Guntun STM32 da aka gina kan ARM kuwa kayan aikinsa sun daɗe da kankama, ST-Link (na'urar loda masa manhaja) ɗaya ya ishe ka. Ga famfo dai, ESP32-C3 zan zaɓa.