Shagon kankana da yaron da ya ba duniya ƙeya

A wani bene da ke Wuse 2 akwai ɗan shagon da ke sayar da hotunan bango, riguna da gyalen Falasɗinawa. Kayan ba su da yawa. Abin da ya ɗaga shagon shi ne Hajiyar da ke zaune a ciki, domin ba abin da ta rataye wanda ba ta san labarinsa ba.

Hoton bango na Handala na saya, wato yaron nan na zanen barkwanci. Yaro ne ɗan shekara 10, ƙafa ba takalmi, riga duk faci, hannaye a goye a baya, ya juya baya ba ka ganin fuskarsa. Mai zane Bafalasɗine Naji al-Ali ne ya fito da shi a wata jaridar Kuwait a 1969, ya kuma tsayar da shekarunsa daidai da nasa lokacin da aka raba su da ƙauyensu a 1948. Yaron ba zai girma ba sai an koma gida. Zanen barkwancin Naji bai ƙyale kowa ba, daga Isra'ila har shugabannin Larabawa da na Falasɗinawan kansu. A Landan aka harbe shi a 1987. Bugun hoton da na saya ya fita tas, baƙin bai dusashe ba. Firem ɗin dai roba ne aka shafa wa fentin katako, kuma an tsuga masa kuɗi.

Na tambaye ta me kankana ke yi a gaban riga. Ta ce, "Ɗana, yanka ta ka ƙirga launi." Ja, baƙi, fari, kore, launukan tutar Falasɗinu. Bayan yaƙin 1967 Isra'ila ta haramta wa Falasɗinawa ɗaga tutarsu, kuma mai zane Sliman Mansour ya sha ba da labarin jami'in Isra'ilan da ya ce masu ko kankana suka zana za a ƙwace. Su kuwa suka mai da gargaɗin abin tsokana. Rigar auduga ce mai kauri, na wanke ta launin bai zuba ba.

Gyalen ne ya ɓata min rai. Na duba lakabin, ɗan China ne. Masaƙar Hirbawi da ke birnin Hebron na Falasɗinu tun 1961 take saƙa na ainihi, kuma irin wannan na arha ne ya kusa durƙusar da ita. Hajiya ba ta yi musu ba, ta ce kuɗin kawowa ne ya fi ƙarfinta. To, a rubuta a jiki mana, kada mai saye ya ɗauka taimako ya yi.

Ba ta da POS, sai tiransifa, wurin ajiye mota kuma da yamma sai wanda ya riga.