Gargaɗi ga direbobi da masu wankin mota a Jidda: ku kiyayi mai jarkar da ba ta da suna

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwana direbobin gida da masu aikin magsala, wato wurin wankin mota, a Jidda, da na Makka har Shari' Mansur da Misfala, don Allah wanda ya karanta wannan ya tura wa na kusa da shi. Akwai wani mutum, Bahaushe ne kamarmu, yana yawo da jarkoki a bayan mota yana sayar da wani koren ruwa, wai maganin wanke kujerun fata ne mai ƙarfi wanda ake surkawa. Ni ya cuce ni, kuma zuwa yau na haɗu da mutum uku da ya cuta bayana.

A zauren WhatsApp na 'yan garinmu na fara jin muryarsa. Maganarsa a natse, da sallama da salati, yana cewa kayan daga Jamus suke, ragowar kwantena ce aka sakar masa a tashar jirgin ruwa, shi ya sa babu takarda a jikin jarkar. Lita 4 riyal 60. Muka haɗu wata Juma'a bayan la'asar a gefen titi, can wajen kasuwar Haraj Sawarikh. Ya buɗe bayan motarsa, ga wata tsohuwar kujera mai ruwan ƙasa da yake gwaji a kai. Ya fesa, ya ɗauko farin tsumma ya goga sau biyu, ya ɗaga mini shi ya rine ya koma ruwan ƙasa. Ya ce, "Ɗan uwa, ka ga dauɗar da ido ba ya gani? Wallahi maigidanka sai ya ƙara maka albashi." Abin da ban gane ba a lokacin, launin kujerar ne da kansa ya bi tsumman. Rininta ne yake tashi a gaban idona.

Ya ce in zuba kashi 1 na magani a kashi 5 na ruwa. Haka na yi washegari da hantsi, motar maigidana tana tsaye a rana, kujerunta sun ɗau zafi. Tun ina cikin gogewa na ji yatsuna suna santsi kamar na damƙi kuɓewa, na wanke da ruwa santsin ya ƙi fita. Kafin azahar kujerar direba ta fara danƙo. Da ta bushe sai ga dabbare-dabbare, wani wuri ya dushe, wani wuri ya yi fari, gefen da ake gogawa wajen shiga kuwa bayan kwana biyu ya tsattsage kamar ƙasar fadama a bazara. Robar jikin ƙofa ta yi zane-zane fari kamar an ja alli, sitiyari ya saɓule a inda hannu ke riƙewa. Fatar yatsuna ma sai da ta saɓa. Maigidan bai ɗaga mini murya ba, kallon kujerar kawai ya yi ya koma ciki, kuma wannan shirun ya fi mini zafi, domin shekara shida ina tuƙa iyalinsa bai taɓa samuna da ɓarna ba. Gyaran wurin mai tanjid, wato mai gyaran kujeru, ya ci riyal 1,800, ana cire shi a albashina wata uku. Kuɗin makarantar yarana ke nan a gida.

Na ɗauki jarkar na kai wa wani dattijo da ya daɗe a magsala a Hindawiyya. Ya shinshina daga nesa, ya ɗauko 'yar siririyar takardar gwaji da ake kira takardar pH, ya tsoma. Nan take ta yi duhu, ya kara ta da jadawalin launukan da ke jikin kwalin, ta tsaya wajen 13. Ya ce, "Yarona, wannan ai na wanke inji ne, irin wanda ake cire baƙin mai da shi. An dai ɗiga masa launi da turare." Na ce, "Baba, da na ƙara ruwa fa?" Ya girgiza kai, ya ce abin da ba ka san mene ne ba, ba ka san ruwan da zai ishe shi ba.

Ga yadda abin yake. Ma'aunin pH daga 0 yake zuwa 14, ruwa zalla yana tsakiya a 7. Abin da ke ƙasa da 7 mai tsami ne, na sama kuma ɓangaren kanwa da soda ne. Fatar da aka jeme tana ɓangaren tsami kaɗan, wajen 4.5 zuwa 5.5, kuma ta kujerar mota ba tsirara take ba: an shafa mata launi, sannan aka bi da wani siririn rufi mai kare launin. Magani mai ƙarfin soda shi yake cin wannan rufin, ya biyo da launin, ya tsotse maiƙon da ke sa fata laushi. Santsin da na ji a hannuna ma aikinsa ne, maiƙon fatar mutum yake narkarwa. Kuma kowane mataki ɗaya a ma'aunin ninki 10 ne, don haka maganin soda da ke 13, ko ka surka shi da ruwa ninki 10, da ƙyar zai sauko kusa da 12. Surkin 1 cikin 5 da ya ba ni ko alama bai rage masa kaifi ba.

Cutar tasa ba a nan ta tsaya ba. Idan ya ga ka saya, sai ya kira ka da daddare ya ce yana neman wakili a unguwarku, ka ba da riyal 500 kafin alƙalami, za a kawo maka jarka 20 ka sayar ka ci riba, in ka kawo wani kuma kana da la'ada. Wani yaro ɗan Zinder da ke wanki a Sabil ya ba shi, ko jarka ɗaya bai gani ba, lambar ma an toshe shi. Mutumin nan ya san da yawanmu ba sa son zuwa gaban hukuma saboda maganar igama, wato takardar izinin zama, ya san kuma muna jin nauyin tona asirin ɗan gida a ƙasar mutane. Da waɗannan biyun yake cin kasuwarsa.

Wanda zai yi aiki da maganin surkawa, ya sayi mai suna da takarda a jiki, wanda aka rubuta kamfaninsa da abin da ke ciki da yawan ruwan da ake sa masa, a shagon da zai ba shi fatura, wato rasit. Adadin surki na kowane magani daban ne, ba a aron na wani a sa wa wani. In an rubuta 1:10, ana nufin kashi 1 na magani da kashi 10 na ruwa, wato a kwalbar fesawa mai mililita 500 maganin bai wuce mililita 45 ba, sauran duk ruwa ne. In 1:20 ne, kusan mililita 24. Sirinji na kantin magani ya isa awo, kada a yi da ido ko da murfin gora. A fara zuba ruwa sannan magani, a rubuta a jikin kwalbar abin da ke ciki. Fata kuwa gara a nema mata nata maganin wanda aka rubuta na fata ne, ya fi kwanciyar hankali a kan kowane mai wanke komai da komai.

Sannan a shiga inuwa a bar kujera ta huce, domin a zafin Jidda magani bushewa yake kafin ka goge shi, ya bar tabo. A gwada a ɓoyayyen wuri, ƙasan kujera ko bayanta, a jira ya bushe. A fesa a tsumma, ba a kan kujera ba, musamman mai ƙananan huji, a bi da wani tsumma mai danshi, sannan busasshe. Da zarar ka ga launin kujera a tsumma, dakata. Allon gaban mota da gilashi mai tinti kada maganin da ke da amoniya ya taɓa su.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lafiya. Na ji yana gaya wa mutane wai su ɗiga masa Clorox, wato bilic na wanki, ya ƙara ƙarfi. Don girman Allah kada wanda ya yi haka. Bilic in ya haɗu da amoniya, ko da ruwan wanke masai mai asid, iskar guba yake fitarwa, mu kuma a cikin mota muke aiki kanmu a sunkuye. A sa safar hannu, a buɗe ƙofofi duka. In ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa minti 15 ko fiye, a tafi asibiti. Kada a juye shi a gorar ruwan sha, yara ba sa bambancewa. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, a kira 997, lambar motar ɗaukar marasa lafiya.

Ma'aikatar kasuwanci tana karɓar ƙorafi a lamba 1900 da manhajarta ta Balagh Tijari, kuma dokar algus a ƙasar nan hukuncinta yana kaiwa ɗaurin shekara 3 ko tarar riyal miliyan 1, ko duka biyun. Ni na shigar da nawa, da hotunan kujerun da saƙonnin muryarsa. Wanda takardunsa ba su cika ba ya ba wani mai igama hujjojinsa, kada ya goge su daga waya. Mutumin ya sauya lamba sau biyu, yanzu kuma na ji ruwan ya koma shuɗi, yana cewa daga Amurka ne. Jarkata tana nan a ɗaure cikin leda a saman kabad inda hannun yaro ba ya kaiwa, ina jiran ranar da za a ce in kawo ta.