Ku yi hattara da mai sayar da zaren tsarkiya: riyal 630 ya ci min, bakana kuma ya tsage

Jama'a, akwai wani mutum da ke yawo a rukunonin WhatsApp na Hausawan Jidda da Makka, wai yana kawo kayan harbi daga waje, zaren tsarkiya da kakin zuma da gashin kibiya. Ɓarawo ne. Riyal 630 ya ci min, ya kuma yi sanadin tsagewar bakan da na sassaƙa da hannuna. Riyal 630! Ba zan rubuta sunansa ba, don sunan da ya ba ni ma ba nasa ba ne, amma hirarmu da rasit ɗin banki duk suna cikin wayata, zan ɗora hotunansu da zarar na goge lambobin waɗanda ba ruwansu.

Kafin wani ya fara ce min "ai kai ma ka yi sakaci", ku saurara tukuna. Ni kafinta ne, kakana maharbi ne, kuma sai da na yi bincike kafin in nemi zare. Na san bakan itace zalla, wanda ba a ƙarfafa bakinsa da ƙaho ko wani abu mai tauri ba, ba ya son zaren zamani irin su Dyneema da Fast Flight, saboda ba sa miƙewa, duk girgizar harbi a kan itacen take sauka. Abin da ya dace da shi Dacron B50 ne, mai ɗan miƙewa, ya shanye bugun. Ƙarfin jan bakana wajen fam 40 ne, kilo 18 ke nan, sili 12 ya ishe shi. Na san igiyar nailan ba ta yi, talewa take ta yi har kibiya ta rasa ƙarfi. Duk na san wannan. Shi ma ya sani, abin da ya kayar da ni ke nan.

Wallahi har yanzu muryarsa tana min yawo a kunne. Na tambaye shi yana da B50, sai ya turo saƙon murya da Hausa tsantsa, ya ce, "Malam, bakan naka na itace ne ko na kamfani? In na itace ne kada ka kuskura ka sa masa Dyneema, zai cinye maka wuyan bakan." Ku ji fa. Shi da bakinsa ya gargaɗe ni a kan abin da zai turo min. Wa zai ji wannan ya ce ɗan damfara ne? Ya tambayi tsawon bakan, ya tambayi irin itacen, na ce kurna, ya ce Masha Allah, harbi sunna ce, Allah Ya sa albarka. Na sake sauraron saƙon nan har na gaji, ina neman inda muryarsa ta yi rawa, babu. "Kada ka kuskura." Haka ya ce.

Kwarkwaro ɗaya na rubu'in fam, wato giram 113, da kuɗin aike, ya ce riyal 380. Na ce ya yi tsada, ya ce daga Amurka yake zuwa, ga kuɗin fito. Na tura. Sunan da ya fito a asusun daban ne, na kuwa tambaya, kada ku ce ban tambaya ba, ya ce na kafilinsa ne, wato ubangidan da ya tsaya masa, iƙamarsa (takardar izinin zama) tana wajen sabuntawa an tsayar masa da asusu. Mu da muke zaune a ƙasar nan, wane ne bai taɓa ganin haka ba?

Sauran riyal 250 ɗin na zaren kittani ne, irin wanda mutanen Ingila suke tufka tsarkiyar dogon bakansu da shi a da, haɗe da kakin zuma. Wannan bayan bakan ya... a'a, kafin nan ne, lokacin kwarkwaron ya iso amma ban tufka ba. Ganin kaya ya zo hannuna shi ya sa na ƙara sakin jiki. Ya ce saura ƙulli biyu, wani Balarabe a Riyad yana so, amma ya fi son ɗan'uwansa ya samu. Na tura 250. Kittanin nan har yau ban ga ko silinsa ba. Yau yana kwastan, gobe direba ya yi haɗari a hanyar Madina, jibi mahaifiyarsa ba lafiya. 380 da 250, riyal 630.

Zaren da ya zo kore ne, siriri, an shafe shi da wani abu mai santsi, an manna takarda a jikin kwarkwaron an rubuta B50. Na lura kamar saƙaƙƙe ne, na faɗa masa, ya ce sabon samfuri ne. Na tufka, na ɗame bakan. Harbin farko na ji ƙarar ta yi kaifi, hannuna na hagu ya ɗauki girgiza har gwiwar hannu. Ban yi nisa ba sai ji na yi ƙas! Zaren ya nutse cikin tsagar bakin sama, ya raba itacen biyu, tsagewar ta gangaro kusan taƙi guda, wani ɓallin ya yanke ni a goshi. Da a ido ne fa? Ɗana yana tsaye a gefena.

Itacen nan reshen kurna ne da aka sare lokacin gyaran wata gona a wajen Ɗa'if, na roƙa aka ba ni, na ajiye shi a inuwa ya bushe a hankali, na bi shi da kankara kaɗan-kaɗan har ɓangarorin biyu suka riƙa lanƙwasa daidai. Kuma kun san a nan ba a shiga daji a sari itace, tara ce mai nauyi. A ina zan samo wani miƙaƙƙe marar ƙulli?

Na kai ragowar zaren wa wani dattijo da muke salla tare, mai harkar kifi a Bangala, kasuwar kifi ta Jidda. Ko minti bai yi da shi a hannu ba ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, wannan ai zaren ƙugiya ne, shagunan kayan kamun kifi sun cika da shi." Ya kankare da farce, kakin kyandir ne aka goga. Ya wanke guntu ya danna shi cikin kofin ruwa, ya taso sama. Dacron ya fi ruwa nauyi, nutsewa yake. Wannan kuwa dangin Dyneema ne, abin da mutumin ya rantse min kada in kuskura.

Na tura masa hoton bakan da goshina. Ya karanta, ya cire hotonsa, ya toshe ni. Da na yi magana a rukunin, ashe ya fita tun ranar da na tura 250 ɗin, ko washegari, zan duba in ɗora muku.

Kada ku tura kuɗi asusun da sunansa ya saɓa da na mai kaya. B50 ba saƙaƙƙe ba ne, ku jefa guntu a ruwa kafin ku ɗaura wa bakanku. Na sanar da banki, na kuma shigar da ƙorafi ta Kollona Amn, manhajar kai rahoto ga jami'an tsaron Saudiyya. Duk wanda mutumin nan ya karɓi kuɗinsa ya yi min magana ta ciki mu haɗa rasit, don na ji an ce ya koma tallan gashin kibiya da wata sabuwar lamba.