Gargaɗi kan kaskon suya na lantarki da ake tallatawa da sunan "kayan Amurka"

Masu sayen kayan kicin ta intanet, musamman iyayen da ke haɗa wa amare kayan ɗaki, a yi hattara da wasu masu talla a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp. Suna sayar da kaskon suya na lantarki, irin mai murfin gilashi da ƙafafu huɗu, suna cewa daga Amurka aka shigo da shi, kuma "ga adafta kyauta". Sau da yawa kaskon na gaske ne, daga Amurkan ya fito. A nan ma matsalar take.

Wutar gida a Amurka volt 120 ce. Tamu a Najeriya volt 230 ce, ta Nijar ma kusan haka. Ƙarfen da ke ɗumama kaskon an auna shi ne daidai da wutar ƙasar da aka ƙera shi dominta. Kasko mai watt 1500 na Amurka, idan aka jona shi a soket ɗinmu, ba ninki biyu zai ja ba, kusan ninki huɗu ne: sama da watt 5000, wato wajen amp 24, alhali filoginmu mai baki uku iyakarsa amp 13. In an yi sa'a fiyus ya ƙone nan take. In babu fiyus, waya ce za ta yi zafi, robar ta narke, soket ya yi baƙi, ko ƙarfen cikin kaskon ya mutu cikin ƙanƙanin lokaci.

Adaftar da suke bayarwa ba ta rage ƙarfin wuta ko kaɗan. Aikinta kawai ta sa filogi mai faffaɗan baki biyu ya shiga soket ɗinmu, kuma yawancin masu arha ba su da fiyus a ciki. Abin da ke sauke wuta zuwa volt 120 tiransifoma ce, kuma irin wannan kasko yana buƙatar mai ɗaukar aƙalla watt 2000, abu mai nauyi wanda kuɗinsa kan fi na kaskon. Duk wanda ya ce ƙaramar adafta ta wadatar, ko bai san kayan da yake sayarwa ba, ko ya sani ya ɓoye.

Yadda suke rufe asiri kuwa, rubutun ƙasan kaskon suke bi. Wasu su kankare shi, wasu su liƙa sabuwar takarda mai "220V" a kai, wasu su yanke filogin asali su sa namu mai baki uku don ido ya yarda. Bidiyon tallar ma akwai dabara a ciki: za a nuna ƙwai yana soyuwa, amma ba a nuna inda wayar ta nufa ba. Sai a ce a tura kuɗi tukuna a saka kaya a mota. Kaya ya iso ya ƙone, sai ka ji "wutar unguwarku ce ta yi yawa", daga nan a toshe lambarka.

Kafin ka tura ko sisi, nemi hoton ƙasan kaskon da na jikin makunninsa, wato abin murɗawar nan mai tsinin ƙarfe da ake sokawa a gefe. Duka biyun su nuna 220–240V. Ka ga 120V ko 110V, ka haƙura. Idan kuma kaya ya riga ya zo hannu kuma rubutun bai kwanta maka ba, kada ka gwada shi a soket. Kai wa mai gyaran kayan wuta ya auna bakin ƙarfe biyun da makunnin ke shiga. A na'urar awonsa, kasko mai watt 1500 na wutarmu zai nuna wajen ohm 35 (ohm shi ne ma'aunin yadda ƙarfe ke tare wuta). Na Amurka wajen ohm 10. Takarda tana iya yin ƙarya, wannan awon ba ya yi.

Akwai kuma sababbi fil a kwali, na wutarmu, amma an yi ha'inci a wayar. Kasko mai watt 1500 yana jan amp 6 da rabi, don haka yana son waya mai kauri aƙalla sukwaya milimita 1 (1 mm²) ta jan ƙarfe zalla. Na jabu siririya ce, wani lokaci alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Kwance filogin ka duba: a samu fiyus na gaske, kuma waya mai launin kore da rawaya ta kasance a ɗaure a dogon bakin sama. Ita ce ke kwashe wuta zuwa ƙasa idan ta zubo a jikin kaskon. In babu ita, hannun mai girki ne hanya.

Maganar "ba ya cin wuta" ma tatsuniya ce. Awa ɗaya yana aiki ba tsayawa yunit ɗaya da rabi ne a mita, kuma ƙaramin janareta da bai kai watt 1000 ba ba zai ɗauke shi ba.

Wanda ya samu mai kyau, haɗa shi ba wuya. A kifa kaskon a kan tawul, a ɗaura ƙafafu da mariƙai da sukurorin da suka zo da shi har su daina motsi. Ƙafa ɗaya mai rawa ta isa ta kifar da tafasasshen mai. Maɓallin murfi kada a matse shi da ƙarfi, murfin gilashi ne. A wanke kaskon, a bar ramin makunni ya bushe ƙarau. A murɗa makunnin zuwa kashe, a soka shi a kaskon har ƙarshe, sannan a jona a soket ɗin bango kai tsaye, ba a ekstenshin da firji ko abin dafa ruwa ke kai ba. Makunnin ba ya shiga ruwa, kuma ba a aro na wani kasko don kawai ya shiga ramin, domin in tsinin bai zauna daidai ba, ba zai ji zafin ba balle ya yanke wuta. Kada a bar shi yana zafi ba komai a ciki: shafen da ke hana kamu yana fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260 a ma'aunin Celsius.

Wanda aka riga aka cuta ya adana hoton tallar, da hirar da aka yi, da rasidin tura kuɗi, da hoton ƙasan kaskon. Ya sanar da bankinsa a ranar, ba gobe ba, ya kai rahoton shafin ga manhajar da aka yi tallar a kanta, sannan ya shigar da ƙorafi a hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Idan jabun kaya ne a shago, hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ita ke da hurumi.