Jama'ar Legas a yi hattara da mai tallan injin ɗura harsashi

Salam jama'a, musamman 'yan uwa na Agege da Mile 12 da Alaba Rago, dan Allah wanda ya karanta ya tura ma masu gadi da mafarautan da ya sani. Akwai wani mutum da ke yawo a guruf guruf na WhatsApp da Facebook yana tallan injin da ake sake ɗura kwanson harsashi da shi, da kayan haɗinsa, sikelin awon albarushi da ƙarafunan matse kwanso da sauransu, wai daga Amurka yake shigo da su. Ɗan damfara ne wallahi, kawuna ya faɗa hannunsa watan jiya, shi ya sa nake magana.

Kawu gadi yake yi a nan amma mafarauci ne tun a gida, kullum kukansa tsadar harsashi, to da ya ga hotuna masu ƙyalli an rubuta Lee da RCBS da Hornady sai ya ɗauka kakarsa ta yanke saƙa. Kamfanonin na gaske ne, a Amurka suke, amma hotunan daga intanet mutumin ya kwaso su, har farashin dala na jikin wani bai goge ba. Ya ce a fara ba da kafin alƙalami dubu 80, kawu ya je wajen mai POS ya tura, sunan da ya fito a akawun ɗin ma na mace ne ba wanda yake amfani da shi ba, da aka tambaya ya ce ai matarsa ce. Bayan kwana huɗu ya kira wai kwastan sun riƙe kaya a Apapa sai an ƙara dubu 45, aka ƙara. Sai kuma wai injin ba ya aiki sai da wani ƙarin ƙarfe, shi ma kuɗi.

Abin da ya tona shi a wajena, ya ce kayan haɗin nan kowace bindiga suna yi mata. Ƙarya ne. Ƙarafunan matse kwanson nan kowane girman harsashi da nasa, kuma injin harsashin raifal daban yake da na harsashin bindigar farauta mai baki ɗaya ko baki biyu irin ta mutanenmu. Hoton na raifal ya tura ma kawu, kun ga ko da kayan sun iso ba abin da za su tsinana masa.

Amma babbar maganar ba ita ce wannan ba. Dokar makamai ta Najeriya, wadda take nan tun 1959, ta hana mutum ya ƙera ko ya haɗa harsashi a gidansa, ko kana da lasin riƙe bindiga bai ba ka wannan damar ba, shigo da irin kayan nan kuma sai da izinin hukuma. Ku tuna a 2017 kwastan sun kama bindigogi 661 a nan Legas, yaya wani zai ce zai fito maka da kaya irin wannan daga tashar jirgin ruwa da dubu 45 kamar buhun shinkafa? Shi ɗan damfarar ya san haka sarai, a kan haka ma ya gina sana'arsa, don ya san wanda ya cuta ba zai iya zuwa caji ofis ya ce an cinye min kuɗin injin harsashi ba, ka kai ƙara a riƙe ka.

Da kawu ya matsa a dawo masa da kuɗinsa sai wata sabuwar lamba ta kira, wai ɗan sanda ne, wai suna da duk hirarsu da muryarsa, ya kawo dubu 200 ko su zo wajen aikinsa su ɗauke shi. Dattijo ya kwana biyu bai ci abinci ba kafin ya faɗa min. Na ce kawu kar ka ƙara tura ko sisi, muryar ma da na saurara ta mutumin farko ce ya ɗan shaƙe ta. Muka yi bulokin ɗinsu, har yau ba wanda ya zo.

Na ga ya canza suna da hoto ya dawo wani guruf na 'yan sintiri shekaranjiya, kalaman tallan dai su ne ba su canza ba, har da cewa saura guda uku kacal. Admin admin dan Allah ku duba guruf ɗinku ku cire shi.