Mazda RX-8 a Legas: abin da na gani, da wadda nake tunanin saya nan gaba

Tunda abokai suka ji ina cigiyar wata motar suke ta tambayata wai ko RX-8 ɗin ta ishe ni ne, wasu kuma so suke su ji ko su ma su shiga harkar rotary, wato irin injin da ke cikinta. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta.

Tawa ƙirar 2005 ce, tokunbo daga Amurka, giya shida ta hannu. Injinta ba irin wanda muka saba ba ne, babu fistin babu bawul, wasu ƙarafa ne guda biyu masu kusurwa uku suke juyawa a cikin gidansu, wani Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙiro tsarin, Mazda kuma suka riƙe shi har suka ci tseren Le Mans da shi a 1991. A takarda lita 1.3 ne kacal amma ƙarfin doki ya haura 230, kuma allurar juyin inji tana tafiya har 9,000. Wallahi duk wanda bai hau gadar Third Mainland da ita ranar Lahadi da sassafe ba, lokacin da titi fayau, ba zai gane me muke nufi ba. Kana taka totur babu girgiza ko kaɗan, ƙarar sai ƙara siririya take yi, har sai wata 'yar ƙararrawa ta yi maka ɗit a kunne cewa ka canza giya. Ga ta ba nauyi a kwana, ga ƙofofin nan na baya masu buɗewa ta baya da yara ke so. A wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi ko ɗaya.

Amma abin da ya ƙona min rai har yau, ga shi. Kun san zaman gidan haya a Agege, motoci a jere wata bayan wata, dole ka bar wa maigadi makulli saboda masu sammako. Na ja masa kunne tun ranar farko, na ce Baba don Allah motar nan in ka tayar da ita kar ka kashe sai allurar zafi ta hau, ko ka buga min ƙofa in fito ko da ƙarfe nawa ne. Rotary haka take, in ka tayar da ita da sanyi ka kashe nan take, fetur ɗin da ta zuba yana kwanciya a ciki ya jiƙa filogi ya wanke man da ke riƙe iska, shi ke nan ta shaƙe. Ranar an kwana ana ruwa, maƙwabcina zai fita da asuba, Baba ya ba wani yaro makullin ya matsar da ita taku kaɗan ya kashe. Na fito ina murza ki, kik na juyawa fiii ba kamawa, warin fetur ya cika gidan. Na danne totur har ƙasa ina murzawa, don haka ake yi, yana yanke mai ne har ta share kanta, ta yi kamar za ta kama sai batir ya fara sanyi, ni kuma ana jirana a Apapa kan maganar kaya, sai na ce a bar ta in na dawo.

Maƙwabcin nan da niyyar alheri ya kira bakanikensa. Ina cikin goslo aka kira ni, wai Alhaji ka yi haƙuri injinka ya buga, sai an sauke kan inji an canza ringi da gasket. Na ce kan inji? Wane kan? Injin da ba shi da kai, ba shi da ringi? Ashe da ya zo abin da ya fara yi shi ne ya cire bututun iska ya ƙara fesa mata fetur, motar da fetur ya riga ya shaƙe, sannan ya yi ta murza kik har batir ya mutu murus, ya kawo wani ya kashe shi, kik ɗin ma ya ɗau zafi har yana wari. Ya ɗaura irin agogon auna matsin iskar inji da ake gwada Camry da shi, ya ga lamba ƙasa, ya yanke hukunci. Abin da ya fi ba ni haushi shawarar da ya rufe da ita, wai in bari ya cire wannan wahalar ya dasa min injin Corolla in huta, kuma har ya faɗi farashi. Da na dawo na tarar da bonet a buɗe, wayoyin filogi a zare ba alamar wanne ne na ina, kuma yana jiran kuɗin aiki.

Sai da aka haɗa ni da wani matashi ɗan Zariya da ke aiki wajen Ojota, wanda ya taɓa buɗe irin injin. Yana zuwa bai ma kalli bonet ba, jak ya sa ya cire tayar gaba ta hagu, ta nan ake kai wa filogi. Guda huɗu ne, biyu a kowane gida, kuma na sama da na ƙasa ba iri ɗaya ba ne. Ya zaro su baƙi ƙirin suna ɗigar fetur, ya yanke famfon mai ya murza ta hura abin da ke ciki waje, ya ɗiga baƙin mai kaɗan ta ramin filogin, ya mayar da komai da batir mai rai. Ta yi tari ta yi tari ta kama, farin hayaƙi ya turnuƙe gidan har mata suna kwashe shanya. Ya ce Yallabai injinka lafiyarsa ƙalau, amma koyil biyu cikin huɗun da ke ba filogi wuta sun gaji kuma kik ɗin nan an cuce shi. A Ladipo, kasuwar kayan mota, ka ce Corolla kafin ka rufe baki an kawo maka kala uku, RX-8 kuwa na zaga ban samu filogin da hankalina ya kwanta da shi ba, sai odar waje na yi da dala, mota na ajiye tana jira.

Ranar da ta tashi na ce ai motar ba ta da laifi, mutane ne. Har yanzu ina kan haka, sai dai da na zauna na yi lissafi sai wasu abubuwan suka dawo min. Shan mai dai ba a magana, a goslo tana sha kamar babbar jif, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda gidan mai yake. Baƙin mai kuma da gangan take ƙona shi, injin ne ke fesa shi ciki don ƙarafan bakin kusurwar nan da ake kira apex seal kar su cinye, saboda haka galan ba ya barin but ɗina, ina duba sanda kusan duk shan mai. Sannan injin yana son a ja shi sama a kai a kai don kar baƙin toka ya taru, to a ina zan ja shi, a Oshodi ko a Ikorodu Road ƙarfe biyar na yamma? Awa biyu kana tafiyar kunkuru idonka na kan allurar zafi. Kuma duk sanda na kashe ta a gidan mai da zafinta sai gabana ya faɗi kafin ta kama, don alamar farko ke nan in injin ya fara mutuwa. Ga ƙasa-ƙasa, damina in ruwa ya kwanta a Lekki ba na ko gwadawa. Mutum ɗaya tak na sani a garin nan da zan ba shi ita in yi barci, in ya koma gida sallah sai dai in yi addu'a.

Yanzu uku nake dubawa. Nissan 350Z, injin V6 ɗinta dangin na Murano da FX35 ne, kowane gareji sun san shi, kaya a Ladipo birjik, matsalar kujera biyu ce kawai kuma ta fi nauyi, uwargida ta riga ta ce ina za a sa yara. Toyota 86 da ta fito 2012 na gwada ta wani aboki, injin Subaru ne lita 2, ta yi min daɗi a kwana sosai amma kuɗin da ake kira ya yi min yawa, kuma daga 7,000 ta fara cewa ya isa, ni da na saba da 9,000 sai na ji kamar an katse min hanzari. Ta ukun kuma, e, wata RX-8 ce, ƙirar 2009 zuwa 2012 da suka ƙara mata mafesar baƙin mai ta uku a kowane gida, an ce min akwai ɗaya a kasuwar motoci ta Berger.

Asabar zan je da ɗan Zariyan da na'urarsa ta gwada rotary, mai auna matsin iska ta ba da lamba uku a kowane gida. Za mu bar ta ta yi zafi sosai, mu kashe, mu sake tayarwa nan take, sannan a gwada. In mai ita ya ƙi yarda a yi gwajin ko lambobin ba su yi daidai da juna ba, daga nan wajen 350Z zan wuce.